Dokar Hana Susa a Akurkin Iya Kande

An yi wata kaza mai suna Yalwa a gidan wata tsohuwa da ake kira Iya Kande, can ƙarshen gari inda gonaki suka fara. Yalwa wake-wake ce, ba ta da girma, ba ta da faɗa. Abin da aka san ta da shi haƙuri ne. Ko tsabar da ta tono wata ta zo ta ɗauke, sai ta matsa gaba ta tono wata.

A akurkin akwai zakara ɗaya tal, fari fat kamar an wanke shi an sa masa bula. Sunansa Ɗanƙwalisa. Ba ya taka inda ruwa ya kwanta. In zai sha ruwa a kasko, sai ya tsaya ya kalli fuskarsa ta dama, ya kalle ta ta hagu, har na bayansa su gaji da jira.

Akwai kuma Gwaggo Fingi, tsohuwar kaza wadda gashinta duk a murɗe yake yana kallon sama, kamar wadda ta tashi daga barci ba ta kintsa ba. Haka Allah ya halicce ta. Ita kuwa ba ta iya tauna magana ba, abin da ta gani shi take faɗa.

A bayan madafar Iya akwai wani rami inda take zubar da tokar murhu. Tun kaka da kakanni, in rana ta take, kajin gidan kan je su kwanta a ciki, su yi birgima, su watsa toka cikin fukafukansu, sannan su tashi su karkaɗe. Ba wadda ta taɓa tambayar dalili. Sun tarar ana yi ne, suka ɗora.

Wata rana Gwaggo Fingi ta fito daga ramin ta karkaɗe jikinta daidai lokacin da Ɗanƙwalisa yake wucewa yana taƙama. Toka ta tashi buɗu, ta sauka a kansa.

"Kai! Kai! Wace marar ido ce wannan?" in ji shi, yana tsalle. "Dubi rigata! Ku dubi rigata!"

"Ta ƙone ne?" in ji Gwaggo Fingi.

"Kin ɓata ta!"

"Toka ce fa, ɗan nan, ba kashin shanu ba. Ka karkaɗe ta faɗi."

"Kada ki sake ce mini ɗan nan a gaban jama'a."

"To, me zan ce maka? Ina tsaye ka fito daga ƙwai, jiƙe sharkaf kamar tsumman goge tukunya. A ranar ban ga wata riga ba."

Kaji suka kwashe da kyarkyara. Ɗanƙwalisa ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya haye turmi, ya buga fukafukai, ya ce, "Ku saurara! Daga yau na hana wankan toka a gidan nan. Ƙazanta ce ta mutanen da. Duk wadda na gani a ramin can, ita da bakina."

Ba wadda ta ji daɗin dokar, amma suka bi. Shi ne mai gargaɗinsu in shaho ya zo, shi ne kuma mai kaifin baki.

Ita Yalwa abin bai dame ta ba a lokacin, domin ta shiga kwanci. Ƙwai goma sha ɗaya ne a ƙarƙashinta, cikin wani tsohon kasko da aka shimfiɗa wa busasshiyar ciyawa a kusurwar akurki. Wannan ne kwancinta na farko. Kwana ashirin da ɗaya za ta yi a kansu, ba ta tashi sai sau ɗaya a yini, ta ci, ta sha, ta dawo da sauri tun ba su huce ba. Ƙwan da ya yi sanyi ya daɗe, ba ya ƙyanƙyashewa. Baragurbi yake zama.

Kullum sai ta sa baki ta juya su ɗaya bayan ɗaya, tana yi musu magana ƙasa-ƙasa.

Shi kuwa Ɗanƙwalisa ya samo wani sabon wurin hutawa. A kan katangar gidan akwai wani tsohon ɗakin tattabaru da masu shi suka watse tun bara. Daga can in ya yi cara, muryarsa kan danne ta zakaran maƙwabta. Ga shi nesa da ƙura. Sai ya mai da shi fadarsa, ya shiga ya kishingiɗa a kan tsoffin sheƙunan in rana ta yi zafi, da yamma ya sauko ya kwana cikin jama'a.

Ranar da Yalwa ta cika kwana tara a kan ƙwai, ta ji wani abu ya tsikare ta a gindin fiffike. Ta soshi wurin. Ya koma wuya. Ta soshi wuya. Ya koma ciki. Kafin kwana biyu, jikinta duk ya ɗauka, kamar an barbaɗa mata garin barkono a ƙarƙashin gashi.

Ba ita kaɗai ba ce. Akurki duk ya rikice. Wannan ta ɗaga ƙafa tana susar kunne, waccan ta cusa baki cikin bindinta tana tsiga, wata ta goga baya da bango. Ba mai zama wuri ɗaya. In gari ya waye sai ka gan su idanu jajur, kowace na gyangyaɗi a tsaye saboda rashin barci.

"Ke, matsa mini, ke kike shafa mini!"

"Ni? Ke da kika kwana kina murƙususu a kaina?"

"Wayyo bayana! Wa zai taimake ni da tsakiyar bayana?"

Gwaggo Fingi ta ce wa wata budurwar kaza, "Zo nan, ɗaga fiffikenki." Ta karkata kai ta duba da ido ɗaya. Ta je ta leƙa tsagar bango, ta tona ciyawar ƙasa. Sannan ta dawo tana girgiza kai.

"Baƙi biyu muka yi," in ji ta. "Ƙwarƙwata na nan a jikinmu, ta yi ƙwai a gindin gashi. Ƙuma kuma na cikin tsagar bango da ciyawa. Da rana su ɓuya, in duhu ya yi su fito su sha jini. Na taɓa ganin irin wannan ina ƙarama. Toka ce take hana su zama a jikin kaza, kun kuwa yi mako biyu ba ku taɓa ta ba. Ku koma rami. Sannan lalle Iya ta gani, don akurkin ma yana son gyara."

"Ƙarya kike yi!" in ji Ɗanƙwalisa daga bakin ƙofa. "In akwai ƙwarƙwata a gidan nan, ai ba sai an yi duba ba a san mai ita. Ku dubi gashinta! Wannan sunƙurun ko ɓera ya shiga sai ya ɓata."

"Shekara shida ina da sunƙurun nan, ban taɓa sa kowa susa ba. Kai dai ka faɗa mana inda kake yini."

"Fita! Fita daga akurkin nan, kada ki ƙarasa mu!"

Ya bi ta da tsatstsaga har waje. Wasu kajin ma, da yake ƙaiƙayi ya cika su da haushi, suka taya shi. Yalwa na kwance tana kallo. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta rufe. Gwaggo Fingi ta tafi bayan madafa ta tare can.

Ɗanƙwalisa ya dawo ya sake hawa turmi.

"Ga doka ta biyu," in ji shi. "Ba susa a gaban Iya. Ko ƙifta ido ban yarda ba. Kun manta Jan Wuya? Yini ɗaya ya yi yana gyangyaɗi, fiffike a sake. Me Iya ta yi? Ta leƙa katanga ta kira Malam Ɗanjuma ya zo da wuƙarsa, wai a yi sauri kada ya zama mushe. Duk kazar da mutum ya gani ba lafiya, wuƙa ce maganinta. Ko na yi ƙarya?"

Bai yi ƙarya ba. Kowa ya ga gashin Jan Wuya a juji.

To, jama'a, ku zo ku ga abin dariya mai kama da kuka. Da safe in Iya Kande ta fito da ƙwaryar dusa tana kiran, "Kur, kur, kur," sai kaji su jeru su ƙame kamar an dasa su. Ƙwarƙwata na yawo a wuyansu, ƙafa na rawa tana son tashi, su danne ta. Hawaye na zuba, ba mai motsi.

Iya kuwa idonta ya fara rauni. Sai ta dube su ta ce, "Ikon Allah. Kajin nan kwana biyu sun yi hankali."

Tana juya baya, sai ka ji ƙarr, ƙarr, ƙarr, kowace ta dira wa jikinta kamar mai faɗa da maƙiyi.

Duk cikinsu ba wadda ta sha wuya kamar Yalwa. Sauran suna iya zagaya tsakar gida su sha iska. Ita kuwa tana kwance a kan ciyawa, ciyawar kuma ita ce garin ƙuma. Ta miƙe, ta zauna. Ta juya gabas, ta juya yamma. Ta miƙe ta yi susa, ta tuna ƙwai, ta faɗa kansu. Kafin ta gama daidaita su a ƙarƙashinta, an sake cizon ta. Zankonta da yake ja ya koma fari-fari. In ta duba ƙwan sai ta ga ɗigo-ɗigo ja suna tafiya a kan ɓawon.

Ranar kwana goma sha huɗu, ta tashi don shan ruwa, sai ƙaiƙayi ya kama ta a bakin kasko. Ta yi ta susa, ta yi ta susa, ba ta san lokaci ya tafi ba sai da ta ga inuwar rumbu ta matsa. Ta ruga da gudu. Ƙwan tsakiya da sauran ɗumi. Na gefe kuwa sun yi sanyi kamar duwatsun rafi.

Ta kwanta a kansu tana makyarkyata.

"Ke, Yalwa," in ji wata murya ta wata ɓula a jikin bango. "Kina da rai?"

Gwaggo Fingi ce. Jikinta furu-furu da toka, idonta garau, zankonta ja wur. Ko sau ɗaya ba ta ɗaga ƙafa ta yi susa ba.

"Gwaggo, na kasa," in ji Yalwa. "Ba na iya kwanciya, ba na iya tashi. Na gefe sun yi sanyi."

"Na ga alama. Kin zama kamar tsinke."

"In na saci jiki na zo rami, zan warke?"

"Jikinki zai yi sauƙi. Gurbin fa? Kina dawowa za su sake hawa kanki. Sai an kwashe ciyawar nan an ƙone, an liƙe bango. Wannan kuwa aikin mai hannu ne, mu baki gare mu."

"To, ke ki nuna wa Iya mana."

"Kina tsammani ban gwada ba? Jiya na je gabanta na yi ta susar ƙarya har na faɗi. Ta ɗaga ni ta duba, ba ta ga komai ba, ta ce, 'Tsohuwar nan kullum a hargitse take.' Sai mai abin a jiki, 'yar nan."

Wani abu ya ciji Yalwa a ciki, ta zabura, ta koma.

"In ta kira Malam Ɗanjuma fa? Wa zai kwanta musu?"

"Ban ce miki ba za ta kira shi ba. Sabo da kaza ba ya hana yanka, na sani. Amma ki duba, saura kwana bakwai. Kina jin za ki kai?"

Yalwa ta san ko kwana uku ba za ta kai ba.

Da la'asar ta ji wani motsi a bayan rumbu, kusa da kusurwarta, kamar ana tumurmusa wani abu a ƙasa. Ta leƙa ta ɓular. Sai ga Ɗanƙwalisa kwance rigingine, ƙafa ɗaya a sama, yana kartar wuyansa kamar zai cire shi. Farin gashi ya watsu a ƙasa. Ƙarƙashin fiffikensa ya zama jan nama. Ɓawon ƙafafunsa ya ɗaɗɗaga ya yi kaushi kamar bayan tsohuwar bishiya. Da ya gama, sai ya tattara gashin da ya zube ya tura ƙarƙashin rumbu, ya jawo na gefe ya rufe inda ya yi sanƙo.

"Maigida," in ji Yalwa, "ashe kai ma?"

Ya zabura ya miƙe. "Ni ma me? Motsa jiki nake yi."

"Na ga wuyanka."

"Ba ki ga komai ba! Kwanci ya sa idonki yana gane-gane. In kika faɗa wa wata, sai na fasa ƙwan nan ɗaya bayan ɗaya."

Ya wuce yana ɗingishi, yana ƙoƙarin yin taƙama.

Washegari Iya Kande ta fito da ƙwaryarta. "Kur, kur, kur!" Kaji suka jeru suka ƙame. Ɗanƙwalisa na gaba, ƙirji a turo, fiffike a matse.

Yalwa ta sa baki ta taɓa ƙwanta ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta miƙe. Ta fito daga akurki, ta ratsa ta tsakiyar sahu.

"Ke! Koma!" in ji Ɗanƙwalisa ta gefen baki. "Kin haukace ne?"

Ba ta waiwaye shi ba. Ta je daidai ƙafar Iya, ta tsaya a kan takalminta, ta ɗaga ƙafa ta fara susa. Ta soshi wuya, ta soshi ciki, ta buɗe fiffike ta bar shi a sake.

"Af! Ke da ke kwanci me ya fito da ke?" in ji Iya. Ta ajiye ƙwarya, ta sunkuya, ta cafke ta.

"Shi ke nan!" in ji kaji. "Yalwa ta tafi! Wayyo Yalwa!"

Iya ta nufi wajen katanga da ita, daidai inda take tsayawa in za ta kira Malam Ɗanjuma. Yalwa ta rufe ido. Zuciyarta na bugawa a tafin hannun tsohuwar. Ba wuƙar take tunani ba, ƙwan da ta bari a buɗe take tunani.

Ashe haske Iya take nema. Ta juya ta ga rana, ta ɗaga fiffiken, ta hura gashin da bakinta, ta kawo ido kusa. Sai ta ga abubuwa suna gudu a kan fata, wasu har sun fara hawa hannunta.

"Subhanallahi! Ƙwarƙwata! Har da ƙuma! Haba, 'yar nan, tun yaushe kike fama ban sani ba?"

Daga nan tsohuwa ta ɗaure zanenta tamau. Ta fara da ƙwai. Ta kwashe su a hankali, ta goge kowane da busasshen tsumma, ta jera a ƙwarya ta lulluɓe da mayafinta. Ta ɗauko sabon kasko, ta zuba rairayi mai tsabta, ta shimfiɗa sabuwar ciyawa da ganyen darbejiya, ta ajiye a rumfar madafa, ta mai da ƙwan ciki.

Sannan ta ɗebo tokar itace wadda ta huce sarai, ta tankaɗe, ta gauraya da rairayi mai laushi. Ta rufe wa Yalwa fuska da tafin hannu don kada ta shiga ido da hanci, ta yi ta cusa tokar cikin gashinta, ƙarƙashin fiffike, gindin bindi, ciki da wuya. Ta shafa mata man kaɗanya a ƙafafu. Ta ɗora ta a kan ƙwanta.

Yalwa ta kwanta tana jiran cizo. Ta jira. Wani ɗan abu ya motsa a wuyanta, ya yi shiru. Rabon da ta zauna wuri ɗaya haka, kwana shida ke nan.

Daga inda take tana hango komai. Iya ta shiga kama kaji ɗaya bayan ɗaya. Tsakar gida ta kacame, wannan ta haye igiyar shanya, waccan ta faɗa cikin turmi.

"Na mutu! Ku gai da 'ya'yana!" in ji kowace in an kama ta. In an sake ta kuma, sai ta tsaya furu-furu, ta karkaɗe, ta dubi jikinta. "Af. Ashe ban mutu ba?"

"Ba ki mutu ba, sakarya," in ji Gwaggo Fingi. "Matsa ki ba na baya wuri."

Iya ta kwashe ciyawar akurki kaf, har da tsohon kaskon Yalwa, ta kai juji ta cinna wuta. Ta share, ta kwaɓa laka ta liƙe duk wata tsaga, ta turara ɗanyen ganyen darbejiya a ciki har hayaƙi ya fito ta ko'ina. Ta ce bayan mako ɗaya za ta sake yi musu, saboda ƙwan ƙwarƙwatar da bai fashe ba.

Saura zakara kaɗai. Tun da Ɗanƙwalisa ya ga yadda kaji ke fitowa daga hannun Iya kamar an tono su daga murhu, ya tashi fir ya haye katanga, ya shige ɗakin tattabaru.

"Sauko, Maigida!" in ji kaji. "Ba yanka ake yi ba, magani ne!"

"Magani na masu ciwo ne. Ni lafiyata ƙalau. Ku dubi kanku, kamar tsummokara! Ni za a tsoma a toka?"

Iya ta watsa masa gero, ya ƙi. Ta miƙa sanda, ba ta kai ba. Ta ce, "To, zauna. Yunwa za ta sauko da kai."

Kwana uku ya yi a can, a cikin ainihin gidan ƙuma, inda ya ɗebo su tun farko. Yalwa na ganin farin gashi yana saukowa daga kan katanga ɗaya-ɗaya, iska na wasa da shi a tsakar gida. Carar ranar farko ta fito da ƙarfi. Ta rana ta biyu ta karye a tsakiya.

A rana ta uku, da hantsi, ya fito bakin ƙofar ya miƙa wuya zai gwada. Ya buɗe baki, jiri ya ɗebe shi, ya sulmiyo ya faɗo tim a gaban madafa.

Kaji suka taru suka yi cirko-cirko. Wuyansa tsirara, bindi saura gashi biyu, zanko ya langaɓe kamar dafaffen ganye.

Iya ta ɗaga shi, ta juya shi, ta tafa hannu. "Wannan kam ya yi nisa." Ta nufi katanga, wannan karon ta ɗaga murya. "Malam Ɗanjuma! Taimaka da wuƙarka, kada zakaran nan ya zama mushe!"

Malam Ɗanjuma ya shigo da sallama yana wasa wuƙa da tafin hannunsa. Ya karɓi zakara, ya latsa ƙirjinsa, ya latsa cinya, ya ɗaga shi sama ya ji nauyinsa. Sai ya yi dariya.

"Haba, Iya, me za a ci a nan? Ƙashi ne da fata. Ko romo ba zai yi ba. Ki yi masa abin da kika yi wa sauran, in ya yi nama kya kira ni."

Haka aka yi. A gaban kowa Iya ta kwantar da shi cikin toka, ta juya shi ciki da bai, sau biyu, don nasa ya fi na kowa. Ta lafta masa man kaɗanya a ƙafafu da wuya, toka ta manne a kan man. Ta kifa masa kwando a gefen rumbu, ta ɗora dutse, ta ce ba zai shiga cikin kaji ba sai ya warke. Ta samo dogon gora ta zunguro ɗakin tattabaru, ta haɗa shi da wuta.

Gwaggo Fingi ta zagaya kwandon sau ɗaya, ta leƙa ciki. "Sannu, ɗan nan. Wa ya ɗinka maka wannan sabuwar rigar?"



Ranar kwana ashirin da ɗaya, Yalwa ta ji ƙwas, ƙwas a ƙarƙashinta. Ta ƙame, wannan karon don kanta. Ɗaya ya fito, biyu, uku. Kafin azahar bakwai suna ciu-ciu cikin gashinta, suna leƙo kai ta ƙarƙashin fiffike.

Saura huɗu. Ta ci gaba da kwanciya. Ta juya su, ta yi musu magana, ta kara kunne. Ta ƙara yini guda cur a kansu, 'yan tsaki na hawa bayanta suna kukan yunwa. Da safe Iya ta zo ta ɗauki kowane ta girgiza a kunnenta, ta girgiza kai.

"Baragurbi ne, 'yar nan. Tashi ki kula da masu rai."

Yalwa ta bi hannun Iya da kallo har ta ɓace bayan madafa. Sannan ta miƙe, ta kira 'ya'yanta, suka fito tsakar gida a karo na farko. Hanyarsu ta bi ta gefen rumbu.

"Yalwa," in ji wata murya daga cikin kwando, ƙasa-ƙasa. "An sauka lafiya?"

"Lafiya, Maigida."

Ya kara ido a ɓular kwando yana bin 'yan tsakin da kallo. "Bakwai nake gani. Ba sha ɗaya ba ne?"

Yalwa ta tsaya. Duk zamanta a gidan ba ta taɓa mayar wa kowa baƙar magana ba, yau ma ba ta ɗaga murya ba.

"Sha ɗaya na kwanta wa," in ji ta. "Huɗun sun bi dokarka. Ba su motsa ba."

Ta tattara bakwai ɗinta ta wuce.

Darasin wannan labari shi ne, ciwon da aka ɓoye ba ya warkewa, yaɗuwa yake yi, kuma sau da yawa wanda bai ji ba bai gani ba shi yake fara cinyewa. Girman kai ya sa zakara ya raina maganin da ya tarar a gidansu don ba shi da kyan gani, ya ɗora laifinsa a kan tsohuwa, ya hana kowa neman taimako. Tsoro kuma ya sa Yalwa ta yi shiru har kwana shida, kwanakin da suka ci mata 'ya'ya huɗu. Don haka, yara, in wani abu yana damun ku a jiki ko a rai, ku faɗa wa babba tun yana ƙarami. In kuma kuna kiwon kaji, kada ku tsaya ga kallon su daga nesa. Ku riƙa ɗaga fiffike kuna dubawa, ku tsabtace akurki, ku bar musu ramin tokarsu.